Fasasshiyar Masar Gwaggo

Allah ne Ya ba mu aron ta, Shi kuma Ya karɓi abinSa. Gwaggo ta rasu wata Laraba da hantsi, a ɗakinta da ke unguwar Harra ta Gabas a nan Madina, shinkafar masar gobe tana jiƙe cikin roba a bayan ƙofa. An yi mata salla a Masallacin Annabi bayan la'asar, maza suka wuce da ita Baƙi'a, mu mata muka tsaya daga wajen katanga. A Baƙi'a ba a rubuta suna a kan kabari. Ko ɗanta da ya sa ta a ƙasa da hannunsa, da ya koma bayan mako biyu, sai da ya tsaya yana waige-waige, daga ƙarshe ya yi addu'a ga duk wanda ke wajen. Shi ya sa na ɗauki biro. Ban iya rubutu irin na malamai ba, amma ba na so matar nan ta ɓace gaba ɗaya.

Kwana ukun zaman makoki, kowa da yadda mutuwar ta taɓa shi. Hajja, maƙwabciyarta ta shekara talatin, Bahaushiyar Sudan, ba ta zubar da hawaye ko ɗaya ba a ranar farko. Tashi ta yi ta tsane shinkafar nan da ke jiƙe, ta shanya a faranti, tana faɗa da gawar da aka riga aka fitar: "Ke kullum haka kike, sai ki bar wa mutane aiki." Ba'afganen da ke gasa burodin tamis a bakin layi ya bar tanderunsa ya mutu da rana tsaka, abin da ko ranar Idi ba ya yi. Bayamane mai dafaffen waken da suke kira ful ya aiko da tukunya guda. Ɗaliban jami'a 'yan Nijeriya suka zo a jere cikin fararen jallabiyoyi, wani dattijo a cikinsu, wanda yanzu koyarwa yake yi, ya ce shekararsa ta farko a garin nan masar Gwaggo ce ta hana shi tattara kayansa ya koma gida. Shi kuwa Yaya, ɗanta tilo, haifaffen nan ne, yana jin Hausa amma da Larabci yake mayarwa tun yana ƙarami. Ranar nan da aka ɗaga makara, da Hausa ya yi kuka. "Innata, Innata," yake ta faɗa, kamar yaron goye.

Ni kuwa ina zaune cikin mata, ana miƙa mini dabino da gahawa, ana ce mini Allah Ya ba da haƙuri, ina amsawa da baki. Abin da ke cina daban ne. Wata takwas kafin rasuwarta na faɗa mata wata magana a gaban jama'a, ta tashe ni daga kan tandarta, kuma har ta koma ga Allah ban buɗe baki na ce ta yafe mini ba. Kullum ina cewa sai gobe.

Gwaggo yayar mahaifina ce. Ta zo aikin hajji da mijinta tun kafin a haife ni, suka zauna, mijin ya riga ta shiga Baƙi'a da shekaru masu yawa. Da ni kuma aure ya kawo ni Madina, wajenta na sauka, ita ta nuna mini baƙala, wato kantin unguwa, inda ba a cuta, ita ta koya mini Larabcin ciniki. Da yarana suka tasa na rasa abin yi da safe, sai na fara zuwa taya ta. Shekara tara muna tare.

Layinmu wani ɗan lungu ne tsakanin tsofaffin gidaje, inda masu abinci ke jeruwa tun bayan sallar asuba. Mai tamis, mai ful, wata mai ɗa'amiyya irin ƙosan Larabawa, wani ɗan Bangaladash mai sambusa, sai Gwaggo a bakin zaurenta da murhun gawayi. Masu sayen kuwa ma'aikata ne: masu shara, masu gadi, direbobi, leburorin gini, kowa yana sauri kafin motar kamfani ta zo ta kwashe su. Abin da mutum ya ci a layin nan shi zai riƙe shi har la'asar, wani har magariba.

Tandarta ta ƙasa ce, daga gida aka zo da ita, gurbi goma sha biyu, kowane gurbi kamar tafin hannun namiji. Ta yi baƙi ƙirin saboda mai da shekaru. Ba a wanke ta da sabulu, ba a ɗora ta a kan gas, kuma ba a taɓa ta sai an yi bisimilla. Gwaggo ba ta yarda da gaggawa a ƙullu ba. Shinkafa ta jiƙa, a niƙa, a haɗa da dafaffiya, a rufe a bar shi ya tashi da kansa. In na ce mu ƙara yis ya yi sauri, sai ta ce, "Ƙullu ba jirgi ba ne, ba ya barin kowa." In mai ya yi suya sau biyu, zubarwa take yi. Na taɓa ɓoye wani a gwangwani don in mayar washegari, tana shigowa ta ɗaga hanci, ta ce, "Wa ya mutu a zauren nan?"

Tana da baki, Allah Ya jiƙanta. Mai sambusa ta sa masa suna Ambulan, wai abin da yake sayarwa takarda ce aka naɗe, wasiƙar ciki ba ta iso ba. Ɗalibin da ya ce a ƙara masa yaji sau uku, sai ta tambaye shi ko tafsirin yaji aka aiko shi ya karanto. Amma in ta ga sabuwar fuska, mutum ya tsaya daga nesa yana kallon tanda yana jin Hausa a bakinmu, sai ta rage murya. "Ɗana, daga ina? Matso kusa, wuta ba ta cizo."

Abu ɗaya ne nake ganin aibunta da shi a sana'a: masa tana yawan fashe mata. Tana cikin juyawa da ɗan siririn cokalinta, sai ka ga ɗaya ta rabe biyu. Sai ta yi tsaki, ta ce, "Kai, wannan ta lalace, ba ta sayuwa," ta jefa cikin ledar wanda ke tsaye a gabanta. Wata safiyar shida, wata safiyar goma. Ni kuwa ina alfahari da hannuna, tunda na iya suya ban taɓa fasa ko ɗaya ba. A raina na gama yanke hukunci cewa tsufa ne, hannu ya fara rawa. Har tausayinta nake ji.

Lokacin da na zo, masa biyar riyal ɗaya ce. Ta koma huɗu, ta koma uku. Shinkafa ta tashi, mai ya tashi, gawayi ya tashi, mai gida ya ƙara haya. Duk sanda za a rage, Gwaggo da bakinta take sanarwa, kwana uku kafin ranar. Tana suya tana cewa, "Jama'a, daga Asabar uku ce. Ba ni na so ba, ku je baƙala ku tambayi galan ɗin mai." Mutane su yi gunaguni, wasu su ce mata "gali, ya Hajja, gali," wato ta yi tsada, wasu su yi fushi su koma wajen mai tamis kwana biyu, sannan su dawo. Ni wannan sanarwar ce ba na iya jurewa. In na ga mutum ya ciro kuɗi ya duba, ya mayar aljihu, sai in ji kamar ni na ƙwace masa. Sai in sunkuyar da kai in yi ta fifita wutar da ba ta buƙatar fifita.

Sauran 'yan layi ba haka suke yi ba. Ba wanda ya taɓa sanar da komai, kuma farashinsu yana nan inda yake. Tamis ne dai ya dinga sirancewa har kana hango rana ta cikinsa. Ful ya koma ruwa da ɗan wake yana iyo. Ɗa'amiyya ta ƙanƙance, man suyarta ya yi duhu, in ka ci sai ka wuni kana gyatsa. Ba na zaginsu, kowa yana da haya da kuɗin iƙama, takardar zaman ƙasa, da 'yan gida masu jiran aike. Abin da na gani shi ne su ba sa shan kallon da muke sha.

Sai ga aikin gwiwa ya kama Gwaggo. Bayan an sallame ta daga asibiti, Yaya ya ɗauke ta zuwa gidansa a Khalidiyya ta yi jinya, aka bar mini tanda. A makon farko mai ya sake tashi. Na zauna na duba, na ga uku a riyal ba za ta yiwu ba, sai dai biyu. Na yi ta gwada maganar a bakina, "Jama'a, daga Asabar biyu ce," ta ƙi fita. Washegari na shiga kasuwa na sayo tandar ƙarfe irin wadda wasu mata suka koma amfani da ita, gurbinta ƙanana, kyakkyawa, tana sheƙi. Na jingine ta Gwaggo a bayan ƙofa. Masa ta ci gaba da zama uku a riyal, ba wanda ya yi gunaguni, ba wanda ya mayar da kuɗi aljihu. Wallahi a lokacin gani nake yi alheri na yi. Na ƙara yis don ta kumbura ta cika ido, na daina zubar da mai a suya ta biyu. Mako shida muna haka, kuma ko ɗaya ba ta fashe ba.

Ba ta ce za ta dawo ba. Wata safiya ina cikin suya, layi ya cika, sai ga motar Yaya ta tsaya a bakin lungu. Ta fito da sanda, tana takawa a hankali, mutane suna ta "Hamdillah alas salama, ya Hajja." Ta amsa wa kowa. Ta iso, ba ta kalli tandar ba ma. Hannu ta miƙa cikin kwano ta ɗauki masa ɗaya, ta ɗora a tafinta, ta naɗe yatsunta a kai. Masar ta ɓace a cikin hannun tsohuwa.

"Tawa ba ta ɓuya a hannu," ta ce.

Na ce, "Gwaggo, mai ne ya tashi. Ba na so in ƙara musu kuɗi."

"Kin ƙara," ta ce. "Faɗa musu ne ba ki yi ba. In kin ce biyu ce, mutum ya san abin da zai ci, ya san ko zai ƙara da burodi. Yanzu ya biya kuɗin ƙoshi, ya hau mota, ƙarfe goma yunwa ta kama shi a tsakiyar rana da tsintsiya a hannu, bai san dalili ba. Zai ce jikinsa ne ya lalace."

Sannan ta juya wajen mutane ta ɗaga murya. "Jama'a, ku yafe mana. An rage muku masa ba a gaya muku ba. Ta yau duka sadaka ce. Daga gobe irin ta da za ku samu, kuma biyu ce a riyal."

Kunya ta rufe ni. Mai tamis yana kallo, mai ɗa'amiyya tana kallo, ma'aikata sun zuba mini ido. Da na yi shiru da shi ke nan, amma ni ba a haife ni da shiru ba. Na miƙe na ce, "Ke za ki koya mini riƙon sana'a? Ke da hannunki ke rawa, kullum sai kin fasa goma kin zubar? Asarar da kike ja mana ce ta sa na sayo wannan!"

Ta dube ni, ta dubi hannunta da ke kan sanda. Ba ta yi faɗa ba, kuma da faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi, "Tashi daga nan, 'yata." Na tashi. Ta sa aka ɗauko mata kujera mai tsawo saboda gwiwar, aka fito da tsohuwar tanda, ta zauna.

Wata takwas ke nan da na faɗa a farko. Ban daina zuwa ba. Ni ke wanke shinkafa, ni ke kai niƙa, ni ke hura gawayi, ni ke ƙulla yaji a leda. Muna gaisawa, muna hira kan yara, tana tsokanata kamar da. Amma in na matso kusa da cokalin juyi, sai ta ɗauke shi ta riƙe. Ni kuma girman kai ya hana ni durƙusawa. Ina ganin tana cije baki in ta daɗe a zaune, ina ganin gumi yana bin wuyanta a zafin Madina, in ce a raina yau in an tashi zan roƙe ta. In an tashi kuma sai in ce ai ta gaji, sai gobe. Masa kuwa ta ci gaba da fashewa, har ta fi da.

Rana ta uku ta makoki, bayan la'asar, Yaya ya leƙo ɓangaren mata ya ce da Larabci akwai wani dattijo a waje, ya ƙi zama cikin maza, wai 'yar Hajja mai masa yake son yi wa gaisuwa. Na fita na tsaya bayan labule. Na gane muryar. Wani mai shara ne mutumin Damagaram, dogo, siriri, ya daɗe yana zuwa layinmu, kullum na riyal ɗaya yake saye.

Ya yi addu'a mai tsawo, sannan ya ce, "Ɗiyata, ni ban da abin da zan kawo. Amma akwai abin da nike son ki sani. Shekara bakwai ina cin fasassar masa a hannun matar ga."

Na ce, "Allah Sarki, Baba. Hannunta ne ya tsufa."

Ya girgiza kai. "A'a," ya ce. "Ni ina tsaye ina kallon hannun. In ustazu mai albashi ya zo, ko direban da ke da kafili, ubangida na kirki, ba ta fashewa. Sai ni, sai yaran ga na gini, sai wanda iƙamarshi ta ƙare bai da aiki. Kallon aljihun mutum take, sannan ta danna cokali. Mun sani, ita ma ta san mun sani. Da ta ce sadaka ce, wallahi da ba mu amsa ba, mu ma magidanta ne a garinmu."

Na riƙe labulen da hannu biyu. Shekara tara ina zaune kusa da ita, kafaɗa da kafaɗa, ina ƙirga masar da ta fashe, ban taɓa ɗaga kai na dubi wanda ake jefa wa a leda ba. Kuma abin nan shi na ɗauka na jefe ta da shi a gaban mutanen da take rufa wa asiri. Ba ta iya kare kanta ba, don in ta kare kanta, ta tona su. Nan na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fitar da ita.

Da mata suka watse, ina zaune a ɗakinta, Hajja ta shigo da wani abu naɗe a tsohon zane. Ta ajiye a gabana da ƙyar, ta ce, "Buɗe, ni bayana ya gaji da ajiyar mutane." Tanda ce ta ƙasa, sabuwa, gurbi goma sha biyu, kowane gurbi kamar tafin hannun namiji. Amma ba ja take ba irin sabuwar tanda, ta fara yin baƙi, tana ƙamshin mai.

"Wani mai zuwa umara ta sa ya taho mata da ita daga gida," in ji Hajja. "Wata huɗu ke nan. A ɗakina ta ɓoye don kar ki gani. Kullum bayan la'asar sai ta shigo da sandarta, ta shafe ta da mai, ta ɗora a wuta, ta goge, ta sake shafawa. Sabuwar tanda kama ƙullu take yi, kin sani. Na ce mata, ke Hajja, ba ki ba yarinyar nan abinta ki huta? Ta ce, a'a, sai ta daina kamawa. Na kunyata ta sau ɗaya a gaban jama'a, ba zan ba ta abin da zai sake kunyata ta ba."

Na ce, "Ta ce ta yafe mini?"

"Ni ban ji ta ce ba," in ji Hajja. "Abin da na gani na gaya miki."

Na yi mako uku ban fita layi ba. Da na fita, mai ya sake tashi. Na ajiye tsohuwar tandar Gwaggo a ɗakinta, na ɗora tawa a murhu, na yi bisimilla. Mutane suka fara taruwa, ana yi mini gaisuwa. Na ɗaga kai na faɗa: "Jama'a, daga Asabar uku ce a riyal biyu. Ba ni na so ba." Aka yi gunaguni. Wani ya ce "gali," ya wuce wajen mai tamis. Ban mutu ba, ban kuma sunkuyar da kai ba.

Can sai ga mutumin Damagaram. Ya gaishe ni, ya ciro riyal ɗinsa ɗaya, ya miƙo. Na sa masa biyu a leda. Na ɗauki cokalin Gwaggo, na kai kan wata da ta soyu ta yi ja a gurbin tsakiya. Tandar ba ta kamawa ko kaɗan, matar nan ta gyara ta iya gyara, masar sai juyawa take yi lafiya lau. Sai da na danna da ƙarfi sannan ta rabe.

"Kai," na ce, "wannan ta lalace, ba ta sayuwa."

Ya buɗe ledar, na jefa. Bai kalle ni ba, ni ma ban kalle shi ba. Ya ɗaure bakin ledar, ya ce a hankali, "Allah Ya jiƙan Hajja."

Na ce amin, na zuba wani ƙullun. Ya Allah, Ka yalwata mata makwancinta a Baƙi'a, Ka rufa mata asiri kamar yadda ta rufa wa bayinKa, Ka kuma isar mata da abin da na kasa faɗa tana raye.